Ɗana ɗan shekara 22 ya karya haƙarƙari da tari kawai, alhali awon ƙashi ya ce da sauƙi

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa 22. Tun yana goye yake fama da tari da rama. Sau biyu ana ɗora shi a kan maganin tarin fuka ba a ga sauƙi ba, sai da muka kai shi Indiya yana ɗan shekara 15 aka yi masa gwajin gumi, aka ce sistik faibrosis ne. Watan jiya, cikin sanyin nan, tari ya sarƙe shi da dare, sai ya riƙe gefen ƙirji yana salati. Hoto ya nuna haƙarƙari biyu sun tsage. Bai faɗi ba, babu wanda ya buge shi. Bara mun yi masa awon ƙashi a Abuja, takardar ta nuna Z -1.6, aka ce mana bai kai matsayin zaizayar ƙashi ba. To ta yaya saurayi zai karye da tari kamar tsoho? Kakarsa ta ce a kira mai ɗori, babansa kuma ya sayo ƙwayar kalsiyam. Me ya kamata mu yi?" Daga wata uwa a Jos.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma sannu da ɗawainiya. Tambayarki biyu ce a dunƙule: me ya raunana ƙashin yaro da ƙuruciyarsa, kuma me ya sa takarda ta ce da sauƙi amma ƙashin ya karye. Takardar ba ƙarya ta yi ba. Yawan ma'adinin ƙashi ta auna, shi kuwa ƙashi ba yawa kaɗai ke riƙe shi ba, har da irin ginin da aka yi masa. A wurina, haƙarƙarin da tari ya tsaga ya fi wannan lambar faɗa mana gaskiyar halin da ake ciki, kuma a kansa ya kamata a gina duk shawarar da za a yanke.

Saboda masu karatu da ba su taɓa jin sunan cutar ba: ta gado ce, kuma hanyar gadonta irin ta sikila ce sak. Uwa na ɗauke da ƙwaya ɗaya, uba na ɗauke da ɗaya, dukansu lafiya lau, amma kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Wata likita a Amurka, Dorothy Andersen, ita ta fayyace ta a 1938, sai a 1989 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, wadda ake kira CFTR. Aikin wannan ƙwaya shi ne ƙera wata ƙofa da gishiri ke bi a bangon ƙwayoyin jiki, ruwa kuma ya bi bayansa. In ƙofar ta lalace, majina ta yi kauri kamar danƙo, ta toshe huhu, ta toshe hanyar da sinadaran narkar da abinci ke bi zuwa hanji. Ta fi yawa a Turawa, wajen haihuwa ɗaya cikin 3,000, shi ya sa aka daɗe ana koya mana cewa babu ita a nan. Akwai ta, gwajin gumi mai auna gishirin da ke cikin gumi ne ba ma yi, sai a yi ta ba yaro maganin tarin fuka ko na asma kamar yadda aka yi wa naki. A da yara ba sa kai wa girma, don haka ba wanda ya damu da ƙashinsu. Sai a 1979 aka fara rubuta rahoton raunin ƙashi a masu cutar. Yanzu da hasashen rayuwarsu a Amurka ya haura shekara 50, maganar ƙashi ta zama babba.

Abin da na'urar ta gani da abin da ya ɓoye mata

In kin dafa ƙashin saniya a miya, ki duba shi da kyau. Tsakiyarsa bututu ne mai tauri, sai an sa gatari, ɓargo na ciki. Amma kan ƙashin, inda yara ke tsotsa suna taunawa, ramuka ne ƙanana birjik kamar soson wanka. Ƙashin mutum haka yake. Akwai ɓawo mai tauri a waje, akwai saƙa mai kama da soso a ciki, siraran sanduna da suka sarƙe da juna suna rarraba nauyi. Gaɓoɓin gadon baya galibinsu wannan soson ne, haƙarƙari kuma ɓawonsa siriri ne tun asali. Shi ya sa waɗannan wurare biyu ne suka fi karyewa a masu wannan cuta.

Awon da kuka yi a Abuja, wanda ake kira DXA, inuwar ƙashi yake ɗauka daga gefe ɗaya, ya lissafa yawan ma'adinin da ke cikin inuwar. Makin Z yana kwatanta yaronki da sa'o'insa maza masu lafiya. Sifili shi ne tsaka-tsaki, -2 zuwa ƙasa shi ne ake cewa ya gaza abin da ake tsammani a shekarunsa. Nasa -1.6 bai kai layin ba, amma ba kusa da tsakiya yake ba, yana cikin na ƙasa-ƙasa. Sannan gadon baya da ƙugu ake aunawa, ba haƙarƙari ba, kuma shekara guda ke nan da yin awon.

Babban abin shi ne inuwa ba ta nuna saƙa. Ki ɗauki azara biyu masu kauri ɗaya, ɗaya gara ta shiga cikinta. A ido duk ɗaya suke, sai ranar da aka ɗora musu nauyin ƙasa. Akwai wata na'ura, HR-pQCT, da ke ɗaukar hoton cikin ƙashin wuyan hannu da na ƙwauri dalla-dalla har a ga sandunan. Wani bincike da aka yi da ita a Boston, aka fitar a 2014, ya kwatanta samari da 'yan mata masu wannan cuta da sa'o'insu, ya tarar saƙar cikin ƙashinsu ta fi rauni, kuma ƙarfin da aka ƙiyasta ƙashin zai iya jurewa ya fi ƙasa. Kada ki ce za ki nemi wannan na'ura, ta bincike ce, ko a Turai ba kowane asibiti ke da ita ba. Na kawo ta ne don ki gane cewa abin da ya faru da ɗanki sananne ne. Wani nazari na 2010 da ya tattara bincike masu yawa ya nuna cewa cikin manya masu cutar, wajen kashi 24 cikin 100 na da zaizayar ƙashi, kashi 38 na da raguwar da ba ta kai nan ba, kashi 14 kuma an ga karaya a gadon bayansu. Da yawa daga cikin masu karayar bayan ba su ma san sun karye ba, a hoto aka gani.

Me ya ci ƙashin?

Ƙashi ba dutse ba ne, kullum ana rushe shi ana sake gina shi. Akwai ƙwayoyi masu rushe tsoho, akwai magina masu zuba sabo. Daga yarinta zuwa balaga magina ke rinjaye, har mutum ya tara wajen kashi 90 cikin 100 na ƙashinsa kafin ya cika 20, ya ƙarasa ragowar kafin 30. Daga nan abin da ka tara a rumbu shi za ka ci. Tsohuwa tana karyewa ne don rumbunta ya zaizaye. Ɗanki kuwa rumbun ne bai cika ba tun farko, ga kuma ɓera na ɗiba.

Na farko kuma mafi girma, hanji. Wajen kashi 85 cikin 100 na masu cutar, fankiriyas ɗinsu, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da sinadaran narkar da abinci, ba ta aiki yadda ya kamata. Maiƙo ba ya narkewa, sai ya fice a bayan gida, kuma bitamin A, D, E da K a cikin maiƙo suke tafiya. Babu bitamin D, hanji ba zai tsotsi kalsiyam sosai ba. Babu bitamin K, furotin ɗin da ke ɗaure kalsiyam a jikin ƙashi ba zai kammalu ba. Maiƙon da bai narke ba ma yakan kama kalsiyam ɗin ya fita da shi. Ga rama a kai: ƙashi na ƙara ƙarfi ne da nauyin da yake ɗauka da jan da tsoka ke yi masa, jikin da ba nama ba ya ba ƙashi aikin yi. Yaronki ya yi shekara 15 ba a san cutar ba, ma'ana ya shiga balaga, lokacin da aka fi tara ƙashi, ba tare da maganin narkar da abinci ba. Wannan kaɗai ya isa bayani mai yawa, kuma ba laifinki ba ne.

Na biyu, huhu. Duk sa'ad da ciwon ƙirji ya tashi, sinadaran kumburi da jiki ke saki su zuga masu rushe ƙashi. Mai yawan kwanciya asibiti ya fi asarar ƙashi, ga zaman gado a kai.

Na uku, magungunan sitiroyid, irin su prednisolone da dexamethasone. Suna kashe gwiwar magina, kuma ɓarnarsu ta fi sauri a watannin farko. Wani lokacin dole ne likita ya ba da su. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne na kemis. Na taɓa duba wata budurwa mai ciwon ƙirji, ba ma wannan cutar ba, da gwaggonta ta ga ta rame ta riƙa saya mata irin ƙwayoyin nan da ake kira sha ka fashe. Kumatu suka ciko, gida aka yi murna, bayan wata takwas ta sunkuya ɗaukar bokiti gaɓar bayanta ta lotsa. Ki zauna da shi ki tambaye shi a hankali, ki tambayi duk mai ba shi magani a gida, ko akwai wani abu da yake sha don ƙiba ko don numfashi wanda likitansa bai sani ba. In akwai, kuma ya daɗe yana sha, kada a yanke shi rana ɗaya, likita ne zai rage shi a hankali.

Sauran a taƙaice: jinkirin balaga da ƙarancin sinadarin maza ko na mata, ciwon suga da ke biyo bayan wannan cuta, da kuma ita ƙwayar CFTR kanta, wadda aka gano tana aiki a cikin ƙwayoyin ƙashi, ta yadda ko mai cin abinci sosai ƙashinsa na iya gazawa.

Kalsiyam ɗin da babansa ya sayo

Bai yi kuskure ba, kuma a garin nan muna da dalili na musamman. A nan Jos ne Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka yi binciken da aka buga a 1999 a kan yara masu lanƙwasar ƙafa, masu gwame da ƙafar baka. Galibi an ɗauka rashin bitamin D ne ke kawo hakan. Suka tarar yaran nan kalsiyam ɗin da suke samu a abinci wajen miligiram 200 ne a rana, kuma waɗanda aka ba kalsiyam, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D kawai. Tuwon masara da shinkafa da dankali ba su da shi sosai, dusar hatsi ma tana rage tsotsarsa. Saurayi kamar naki yana bukatar miligiram 1,000 zuwa 1,300 a rana. Kofi ɗaya na madara ko kindirmo na ba da kusan 300. Miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu duk suna taimakawa. Nonon da za a ba shi dai ya zama an tafasa madarar kafin a kwantar.

Amma in hanji ba ya tsotsa, ƙwayar kalsiyam zuba ruwa ne a kwando. Tambayar da zan fara yi masa da yana gabana ita ce yaya bayan gidansa yake. In mai maiƙo ne, yana yawo a saman ruwa, ga wari mai ƙarfi, ga kumburin ciki, to maganin narkar da abincinsa, irin su Creon, bai isa ba, ko ba ya shan sa daidai. Da lomar farko ake haɗiye shi, a kowane abinci da kowane abin taɓawa mai maiƙo, har ƙosai da gyaɗa da fura da nono. Samari sukan ji kunyar fito da shi a gaban abokai a makaranta ko wurin mai shayi, su ci haka nan. Zafi kuma na kashe maganin, kada a bar shi cikin mota a rana. Bitamin ɗinsa ma tare da abinci mai maiƙo da wannan magani ake sha, ba da ruwa kawai da sassafe ba.

Akwai maganar da iyaye kan yi mini a asirce, gara in faɗe ta a fili: daga fankiriyas ɗin alade ake haɗa wannan magani. Na ga wanda ya daina sha da ya ji haka, ya zube cikin wata biyu. Babu wani madadinsa mai ƙarfinsa a kasuwa, kuma hukuncin larura sananne ne a wurin malamai. In abin na damun ku, ku je wa malamin da kuka amince da shi da cikakken bayani, kada yaro ya yanke hukunci shi kaɗai. Haka maganar azumi, a haɗa likita da malami kafin watan ya kama.

Haƙarƙarin da ke ciwo yanzu

A gaya wa Kaka cikin ladabi cewa wannan ba aikin mai ɗori ba ne. Haƙarƙari da kansa yake haɗewa, wajen mako shida. Ɗaure ƙirji da ƙyalle ko matsa shi na hana huhu buɗewa, ga mai wannan cuta kuwa nan haɗarin yake. Ba karayar ce ke ba ni tsoro ba, abin da take hanawa ne: yana jin zafi, sai ya ƙi tari, majina ta taru, ciwon huhu ya tashi, shi kuma ya ƙara cin ƙashi. Don haka a kashe masa zafin sosai har ya iya tari. Ya rungumi matashin kai a gefen da ya karye lokacin da zai yi. A dakatar da bubbuga ƙirji a wannan gefen, likitan gashin ƙashi, wato fisiyo, ya koya masa fitar da majina ta hanyar sarrafa numfashi ko da ɗan bututun hurawa. Kodin da tiramadol na danne tari su kuma ɗaure ciki, masu wannan cuta kuwa hanjinsu na saurin toshewa, kada a sha sai da sanin likita. In numfashi ya yanke masa farat ɗaya, ko zafin ƙirji ya ƙaru kwatsam, ko ya yi tarin jini, ko zazzaɓi ya shigo, asibiti a take, domin huhu na iya sacewa.

Abin da za ki nema a asibiti

Hoton gadon baya daga gefe, wannan shi ne na farko, kuma mai araha ne, kusan ko'ina ana yi. A auna tsayinsa a kwatanta da na da. Gaɓar baya in ta lotsa, doro ke fitowa, doro kuma na rage wa huhu fili. In an ga lotsewa, a ƙasarmu dole a tabbatar ba tarin fuka na ƙashin baya ba ne kafin a ɗora wa sistik faibrosis. A maimaita DXA, in da hali a kan na'urar da aka yi na bara, don na'urori na saɓa wa juna. A auna bitamin D a jini, ana son ya kai 30 a ma'aunin ng/mL. Kada a ce ai muna da rana: baƙar fata ta fi jinkirin haɗa bitamin D, mai tari a sanyin Jos kuma cikin rigar sanyi da hula yake wuni. A duba kalsiyam, aikin ƙoda da hanta, sinadarin maza na testosterone da safe, da gwajin suga na shan ruwan zaƙi, wanda ya kamata mai wannan cuta ya riƙa yi duk shekara tun daga shekara 10. A lissafa nauyinsa da tsayinsa, ma'aunin BMI da ake so ga namiji shi ne 23, ga mace 22.

Akwai magungunan da ke taka wa masu rushe ƙashi birki, alendronate na sha sau ɗaya a mako, ko zoledronate na ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. An nuna suna ƙara makin DXA a masu wannan cuta. Karaya ba tare da buguwa ba na cikin dalilan da ke sa a duba yiwuwar fara su ko da maki bai kai layi ba, musamman in hoton baya ya nuna lotsewa ko yana kan sitiroyid. Amma ba na gaggawar su ga ɗan shekara 22. Sai an gyara bitamin D tukuna, an duba ƙoda da haƙora. Shi alendronate ana haɗiye shi da cikakken kofin ruwa ciki babu komai, a zauna a miƙe rabin awa, kuma yana tayar da ƙwarnafi, wanda dama yana damun masu cutar. Na ƙarin ruwa kan sa zazzaɓi da ciwon ƙashi na kwana biyu ko uku a karon farko. Ga 'ya mace da ke shirin aure akwai ƙarin lissafi, don maganin na daɗewa a ƙashi, kuma allurar tazarar haihuwa ta wata uku ita ma tana rage ƙashi.

Za ki ji labarin Trikafta, wanda aka amince da shi a Amurka a 2019, mai gyara ƙofar gishirin kanta. Ya canza rayuwar mutane da yawa, amma kuɗinsa a can ya haura dala 300,000 a shekara, kuma ba kowane irin lahani na ƙwayar yake yi wa aiki ba. An fi gina shi a kan wanda ake kira F508del, na Turawa, mu kuwa sau da yawa namu daban ne. Ki duba takardun Indiya ko an rubuta irin nasa.

Idan haƙarƙarin ya haɗe, ya tashi ya motsa. Tafiya da sauri, hawa bene, tsallen igiya in hoton baya ya fito lafiya, ɗaga ƙarfe mara nauyi sosai da jagorancin likitan gashi. Garin nan duk tudu ne, ba sai an biya kuɗin wurin motsa jiki ba. Ya ƙara gishiri da ruwa in zai yi gumi. Ƙwallon da ake gwabzawa da sunkuyawa a ɗauki buhu su jira sakamakon hoto. Taba da shisha babu su sam.

Ban duba ɗanki ba, ban ga hotunansa ba, kuma masu wannan cuta da na kula da su a nan ba su kai yatsun hannuna ba. Yawancin abin da na sani na koye shi ne lokacin da nake horo a waje, inda mara lafiya ɗaya ke da likitan huhu, masanin abinci da likitan gashi a ɗaki guda, yawancin alƙaluman da na kawo ma daga waje suke. A nan ke ce za ki haɗa su, don haka ki tara komai a fayil ɗaya: takardun Indiya, DXA na bara, hoton ƙirjin nan, da kwalin duk wani magani da ke gidan, har na gargajiya, ki nemi likitan huhunsa ya haɗa ku da likitan da ke kula da sinadaran jiki da ƙashi. In yana da ƙanne ko yayye masu yawan tari ko rama, su ma a yi musu gwajin gumin.